Lantana, baƙuwar da ta gaje gida

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi sai ya tafi. Amma a cikin itatuwa akwai baƙin da ba su tafiya. Sukan zo ƙasa su zauna, su hayayyafa, har su ture ƴan gari. Lantana tana cikinsu. Ga labarin yadda ta shiga wasu tsibirai masu duwatsun aman wuta, da abin da ya biyo baya.

1. Kamannin lantana

Lantana ƙaramin icce ne mai fure. Ba ta miƙewa sama kamar gawo ko tsamiya. Tun daga ƙasa take fid da rassa masu yawa, kamar yadda sabara da geza suke yi. Tsawonta yakan kai metir 2, wani lokaci har 4. In ta samu babban icce kusa da ita, sai ta jingina da shi ta hau.

Reshenta ba mulmulalle ba ne, kusurwa huɗu gare shi. Wadda ke fitowa a daji tana da ƴan ƙayoyi gajeru a jikin reshe. Ganyayenta biyu-biyu suke fitowa, suna fuskantar juna. Suna da kaushi kamar harshen sa. In an murza su a hannu, sukan yi wari mai ƙarfi.

Furanninta ƙanana ne ƙwarai. Guda 20 zuwa 40 ke taruwa a dunƙule ɗaya. Abin sha'awa shi ne, a dunƙule ɗaya ana ganin launi biyu ko uku. Furen da ya buɗe yau ruwan ɗorawa ne, kuma akwai ruwa mai zaƙi a cikinsa. Malam-buɗe-littafi yakan sauka ya sha. Yana sha, garin furen yana manne masa a jiki, ya kai shi ga wani fure. Ta haka fure ke samun barbara har ya yi ɗa. Da zaƙin ya ƙare, sai furen ya rikiɗe ya koma ruwan goro, daga nan ja ko ruwan hoda. Tsohon furen ba ya faɗuwa nan da nan. Yana tsayawa a gefen dunƙule. Jan fure shi ke kiran ƙwaro daga nesa, ruwan ɗorawa kuwa shi ke ba shi abinci.

Bayan fure sai ƴaƴa. Girman kowane kamar ƙwayar masoro yake. Da fari tsanwa ne, in ya nuna ya koma baƙi mai sheƙi. Gindi ɗaya na iya yin ƴaƴa har dubu 12 a shekara. A ƙasa mai ɗumi da ruwan sama, lantana kusan ba ta hutawa: rani da damina tana fure.

2. Gidanta na asali

Asalin lantana ƙasashe masu zafi ne na Amurka ta Tsakiya da Amurka ta Kudu, kamar Meksiko da Birazil. A can ba ta fi ƙarfin kowa ba. Ƙwari iri-iri suna cin ta. Wannan ya ci ganye, wannan ya huda reshe, wancan ya lalata ƴaƴa. Akwai cututtuka da ke kama ta. Akwai kuma itatuwan da ke gasa da ita wajen samun rana da ruwa. Saboda haka tana nan cikin daji kamar kowane icce, ba ta yi yawan da za ta dami mutane ba.

A ƙarni na 17, fataken jirgin ruwa na ƙasar Holan suka kai ta Turai saboda kyan furenta. Sanyin Turai yana kashe ta, don haka a ɗakunan gilashi aka riƙa renon ta. Masu lambu suka yi ta haɗa wannan iri da wancan, har aka samu iri ɗaruruwa. Daga Turai aka ɗauke ta zuwa ƙasashe masu zafi. Ta shiga Indiya a farkon ƙarni na 19. Ta shiga Ostiraliya a 1841. Duk inda aka kai ta, iri ko reshe aka ɗauka. Ƙwarin da ke cin ta an baro su can gida.

3. Tsibiran da wuta ta haifa

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Tsibiran Hawayi suna tsakiyar tekun Fasifik. Manya daga cikinsu 8 ne, babban birninsu Honolulu. Daga can zuwa gaɓar Amurka ya fi kilometir 3500, ruwa ne zalla.

Wuta ce ta haifi waɗannan tsibirai. Can cikin ƙasa, ƙarƙashin teku, akwai zafin da ke narkar da dutse. Narkakken dutsen yakan huda ƙasa ya fito ja wur, kamar ƙarfe a maƙera. Ruwa ya sanyaya shi, ya daskare. Wani ya sake fitowa ya hau kan na fari. Shekaru dubbai bisa dubbai ana haka, har tudun ya ɓullo bisa ruwa ya zama tsibiri. Irin wannan tudu shi ake kira dutse mai aman wuta. Ɗaya daga cikinsu, Mawuna Lowa, tsawonsa metir 4169 ne daga fuskar teku. Ya ninka dutsen Bagzan na ƙasar Ayar sau biyu. Har a 2022 ya yi aman wuta.

Sabon dutsen baƙi ne ƙirin, babu ko ciyawa ɗaya a kansa. Rana da ruwan sama su ke farfasa shi sannu sannu. Gansakuka ta fara kamawa a cikin tsaga. Daga baya wani icce mai jan fure, wanda mutanen can ke kira ohiya, ya kafa saiwa. Ganye ya zube ya ruɓe, dutse ya marmashe. Da haka ake samun ƙasa mai albarka.

To, ina irin waɗannan tsirrai ya fito, tun da babu wanda ya shuka? Hanya uku ce. Iska ta kawo wasu. Igiyar ruwa ta turo wasu. Tsuntsaye suka kawo saura, a cikin cikinsu, ko a gashinsu, ko a laka da ta manne a ƙafafunsu. Tafiyar da nisa. Akan yi shekaru dubbai kafin sabon iri ɗaya ya iso ya kama.

4. Itatuwan da suka ajiye makamai

Aduwa da magarya suna da ƙaya. Ƙayar nan makami ce, da ita suke kare kansu daga akuya da raƙumi. Wasu tsirrai kuma ɗaci ko wari ne makaminsu.

A Hawayi kuwa, kafin zuwan mutane, babu akuya, babu saniya, babu barewa. Dabba mai shayarwa da ke zaune a tudu jemage ne kaɗai. Da aka daɗe, sai tsirrai da yawa suka ajiye makamansu. Akwai dangin na'ana'a a can da ba su da ƙamshin nan mai ƙarfi. Akwai waɗanda danginsu na wasu ƙasashe ke da ƙaya mai kaifi, amma tasu ƙayar ta yi laushi. Suka zama wasu iri dabam. A cikin tsirrai 10 masu fure ƴan asalin Hawayi, kusan 9 ba a samun su a ko'ina cikin duniya sai can. In ɗaya ya ɓace a Hawayi, ya ɓace ke nan har abada.

Mutanen fari sun iso da kwale-kwale wajen shekara dubu da ta wuce. Turawa suka iso a 1778, suka sauke awaki. A 1793 aka kawo shanu. Sarkin ƙasar, Kamehameha, ya hana a yanka su don su yi yawa. Suka kuwa yi yawa, suka bazu cikin daji suna cin ƙananan itatuwa, suna tattake saura. Daga baya aka sare dazuzzuka masu faɗi don noman rake da kiwo. Fili ya buɗe, rana ta sauka har ƙasa.

5. Zuwan baƙuwa

A 1858 aka kawo lantana Hawayi. An dasa ta a lambu don ado. Mutanen ƙasar suka sa mata suna lakana. Babu wanda ya ga abin tsoro a ɗan icce mai kyan fure.

A 1865 wani likita Bajamushe da ke zaune a Honolulu, mai suna Hilebaran, ya sa aka kawo wani tsuntsu daga Indiya. Sunan tsuntsun mayna. An kawo shi don ya cinye tsutsotsin da ke ɓata ciyawar makiyaya. Mayna ya ci tsutsa, amma kuma ya ɗanɗana ƴaƴan lantana ya ji daɗi. Wata kurciya da aka kawo daga ƙasar Sin ita ma ta kama cin su.

Tsuntsu yana narkar da naman ɗan icce, amma ƙwallon yakan fita lafiya a cikin kashinsa. Ƙwallon da ya bi ta cikin tsuntsu ya ma fi saurin tsira, ga shi kuma ya faɗi tare da takinsa. Mayna ya ci a lambu, ya tashi ya kasayar a makiyaya. Ya ci a makiyaya, ya kasayar a kwazazzabo. Ta haka lantana ta tsallake shinge ba tare da kowa ya ɗauke ta ba.

Lantana ba ta son inuwa. A daji mai duhu, inda manyan itatuwa suka haɗe, ba ta yin ƙarfi. Amma gatari da shanu sun riga sun buɗe mata fili. Ga rana, ga ruwa, ga ƙasa mai albarka, ga tsuntsu mai shuka mata, kuma babu ƙwaron da ke cin ta. Kafin shekara 40 ta cika, ta rufe makiyaya da gangaren duwatsu masu yawa.

Tsiron da aka kawo daga wata ƙasa, in ya kai ga haihuwa da yaɗuwa da kansa, ba shuka ba ban ruwa, akan ce ya zama ɗan gida. In kuma ya wuce nan ya shiga ture ƴan asali, akan ce ya zama mai mamaya. Lantana ta taka matakin fari, ta taka na biyu.

6. Ɓarnar da ta yi

Inda lantana ta kama, rassanta kan sarƙe da juna su zama kurmi mai ƙaya. Mutum ba ya ratsawa, doki ba ya ratsawa. Ƙarƙashinta duhu ne. Irin ƴan asali in ya faɗi a wurin ba ya samun rana. Ganyenta da saiwarta kuma suna zuba wani abu a ƙasa mai hana wasu tsirrai girma.

Makiyayi ya fi kowa jin jiki. Ciyawa ta ragu, ga kuma guba a ganyen lantana. Saniya ko tunkiya in ta ci da yawa, hantarta kan lalace. Idanunta su yi ruwan ɗorawa kamar mai ciwon shawara. Ta ƙi abinci. Fatar hancinta da wuraren da ke da farin gashi su kumbura su saɓule in rana ta buge su. Wasu dabbobin sukan mutu. Ɗanyun ƴaƴan lantana, masu launin tsanwa, guba ne ga yara ma. Tsuntsu na cin nunannu ya tashi lafiya, amma cikin tsuntsu dabam, na mutum dabam.

Mutane suka ɗauki adda da gatari. Suka sare, ta toho daga kututture. Suka sa wuta, ruwa na sauka ta riga kowa tohowa. Reshen da ya kwanta a ƙasa mai laima ya yi saiwa ya zama sabon gindi. Sai an tone saiwar duka, sa'an nan a dawo a cire ƙananan da ke tsirowa. Wannan aiki yana yiwuwa a gona ɗaya. A gangaren dutse mai nisan kwana da kwanaki ba ya yiwuwa. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido.

7. An nemo maƙiyanta

Sai masana suka yi wani tunani. Suka ce: me ya sa lantana ba ta mamaye ƙasarta ta asali ba? Saboda ƙwarin da ke cin ta. To, a je a ɗauko su.

A 1902 wani masanin ƙwari mai suna Albat Kobele ya tafi Meksiko. Ya yi watanni yana bin gindin lantana yana dubawa. Ya tara ƙwarin da ya samu suna cin ta, ya riƙa aika su Honolulu ta jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Da yawa suka mutu a hanya. Iri 23 ya aika, 8 suka rayu suka hayayyafa a tsibiran. A cikinsu akwai wani ɗan ƙuda da tsutsarsa ke shiga cikin ɗan lantana. Akwai wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan ganye har ganyen ya bushe ya kaɗe. Akwai masu cin fure. Wannan ne karo na fari da aka tafi takanas ƙasar asalin wani mugun tsiro don a nemo maƙiyansa.

Daga 1950 zuwa gaba aka ƙaro wasu ƙwarin. A wuraren da ruwan sama bai da yawa, lantana ta ja baya sosai, ciyawa ta dawo. A wurare masu laima kuwa, ƙwarin ba su fi ƙarfinta ba. Har yau tana nan a Hawayi. An rage ta, ba a gama da ita ba.

Wannan dabara ita ma tana da haɗari. Ƙwaron da aka kawo shi ma baƙo ne. Tsutsar wani malam-buɗe-littafi daga cikin na Meksiko ta taɓa wasu shuke-shuken lambu, kamar barkono da dangin gauta. Shi ya sa yanzu ba a sakin ƙwaro sai an tsare shi a ɗaki an gwada shi. Akan ba shi ganyen amfanin gona da na itatuwan ƙasar. In ya ci, ba a sakin sa.

8. Wasu tsibiran

Abin da ya faru a Hawayi ya faru a wasu tsibirai masu duwatsun aman wuta.

Tsibirin Reyuniyon yana cikin tekun Indiya, gabas da Madagaskar. Yanki ne na ƙasar Faransa, kuma ƴan makarantarsa da Faransanci suke karatu. A can ana kiran lantana « galabert » ko « corbeille d'or », wato kwandon zinariya. Gabashin tsibirin yana samun ruwa da yawa, yammacinsa kuwa ya fi bushewa. Dajin asali na ɓangaren yamma an sare shi tun da daɗewa, abin da ya rage bai fi kashi 1 cikin 100 ba. Ɗan ragowar nan ma lantana da wasu baƙin tsirrai suna shaƙe shi. Ma'aikatan daji suna hawa gangare suna sare su, suna dasa itatuwan asali da aka rena a lambu.

Tsibiran Galafagos kuma suna cikin tekun Fasifik, wajen kilometir 1000 daga ƙasar Ekwador. A 1938 aka kai lantana ɗaya daga cikinsu, mai suna Fuloriyana, don adon gida. A tuddan tsibirin akwai wani tsuntsun teku da ke gina rami a ƙasa ya yi ƙwai. Inda kurmin lantana ya rufe wurin, tsuntsun kan sha wuya kafin ya kai ga raminsa.

Yau lantana ta zama ƴar gida a ƙasashe fiye da 60. Masana sun sa ta cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya. A kudancin Indiya, wasu mazauna daji suna sare rassanta suna saƙa kujeru da kwanduna suna saidawa. Sana'ar tana kawo kuɗi, tana kuma rage kurmin kaɗan.

9. Ba kowane baƙo ne mugu ba

Masara da rogo da gujiya da tumatir duk daga Amurka suka fito. Mangwaro daga Indiya yake. Dogon yaro ma daga can aka kawo shi, ga shi yana ba da inuwa a kowane gari na Nijar. A kwarin Majiya, a 1975 aka fara dasa shi layi-layi don ya tare wa gonaki iska. Waɗannan baƙi ne masu amfani.

Akwai kuma waɗanda suka wuce gona da iri. Wani icce mai ƙaya ɗan Amurka, da ake kira « prosopis », an dasa shi bayan shekarun fari don ya tsai da rairayi. Ya tsai da shi, ya ba da itacen wuta da gawayi. Amma a bakin tabkin Cadi, wajen Gigimi, ya yaɗu ya zama kurmin ƙaya mai tare wa masunta da manoma hanya. A kogin Kwara kuma, wani tsiron ruwa mai kyan fure, « jacinthe d'eau », yakan rufe fuskar ruwa ya hana jirage da taru wucewa. Shi ma daga Amurka ta Kudu ya fito, kuma shi ma kyan furensa ne ya sa aka yi ta yawo da shi a duniya.

Kafin a dasa icce baƙo, masu hankali kan yi tambaya uku. Yana yaɗuwa da kansa? Yana cutar da dabbobi ko amfanin gona? In ya yi yawa, ana iya kawar da shi? Wanda bai san amsa ba, sai ya tambayi ma'aikacin gona ko na daji. Rigakafi ya fi magani.

ABIN RIƘEWA

Lantana ƙaramin icce ne mai fure, ƴar asalin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. An kai ta Hawayi a 1858 don ado. Ta baro maƙiyanta a gida, ta tarar da fili a buɗe, tsuntsaye suka watsa irinta. Ta mamaye makiyaya, ta ture itatuwan asali, ta cutar da dabbobi. A 1902 aka kawo ƙwari daga Meksiko suka rage ta. Shigo da icce aikin rana ɗaya ne, fid da shi kuwa ya fi shekara ɗari ba a gama ba.

KALMOMI DA FARANSANCI

tsibiri : une île
teku : un océan
dutse mai aman wuta : un volcan
narkakken dutse : la lave
ƙaramin icce : un arbuste
fure : une fleur
iri : une graine
saiwa : une racine
ƙaya : une épine
ƙwaro : un insecte
makiyaya : un pâturage
guba : un poison

TAMBAYOYI

1. Ta yaya lantana ta yi kama da sabara?
2. Wane launi ne sabon fure? Me ya sa malam-buɗe-littafi ke sauka a kansa?
3. Me ya hana lantana mamaye ƙasarta ta asali?
4. Ku faɗi hanyoyi uku da iri ya bi ya isa Hawayi kafin zuwan mutane.
5. Don me wasu tsirran Hawayi suka ajiye makamansu?
6. Don wane aiki aka kawo mayna? Wane aiki ya yi wanda ba a sa shi ba?
7. Ta yaya ake gane saniyar da ta ci lantana?
8. Don me ake gwada ƙwaro a ɗaki kafin a sake shi?
9. Ku faɗi baƙin shuke-shuke uku masu amfani.

E KO A'A

a. Lantana ta fi son inuwar manyan itatuwa.
b. Wuta tana kashe lantana gaba ɗaya.
c. Ɗanyun ƴaƴan lantana guba ne.
d. Ƙwarin Meksiko sun gama da lantana a Hawayi.

NAHAWU

Ku ba da jam'in waɗannan sunaye: tsibiri, fure, tsuntsu, ƙwaro, reshe, dutse, baƙo.
Misali: ganye, ganyaye.

LISSAFI

1. An kawo lantana Hawayi a 1858. An kawo ƙwarin Meksiko a 1902. Shekara nawa ke tsakani?
2. An aika ƙwari iri 23, iri 8 suka rayu. Iri nawa ne ba su rayu ba?
3. In gindi ɗaya ya yi ƴaƴa dubu 12 a shekara, ƴaƴa nawa gindi 5 za su yi?

SHIBTA

Tsuntsu ya ci ƴaƴan icce a lambu. Ya tashi ya sauka a makiyaya. Ƙwallon ya faɗi a ƙasa mai laima. Da ruwa ya sauka, sai ya tsira. Ƙaramin tsiro ya girma ya zama kurmi mai ƙaya.

AIKIN YI

1. Ku zagaya filin makaranta tare da malam. Ku rubuta sunan kowane icce da kuka gani. Ku raba su gida biyu: waɗanda aka dasa, da waɗanda suka fito da kansu.
2. Ku duba ƙarƙashin iccen da tsuntsaye ke kwana. Waɗanne ƙwallaye kuka samu? Waɗanne ƙananan itatuwa ke tsirowa a wurin?
3. Ku tambayi tsofaffin garinku: wane icce ko wace ciyawa ce babu ita lokacin ƙuruciyarsu? Wa ya kawo ta? Dabbobi suna cin ta? Ku kawo amsa aji.
4. In akwai lantana a wani lambun furanni na garinku, ku zana dunƙulen furenta da launukansa. Kada kowa ya sa ƴaƴanta a baki.